Yadda ake rubuta fim ɗin tsoro na waɗanda suka maƙale a teku

Da farko, nemo abin da ya bar su cikin ruwa, kuma ya zama ƙaramin sakaci. Guguwa da fashewar inji an gaji da ganinsu. A 1998 wani jirgin masu yawon nutso ya baro wasu ma'aurata 'yan Amurka a tekun Ostireliya, ba a ankara ba sai bayan kwana biyu. Labarinsu ne tushen fim ɗin Open Water na 2003, inda kuskuren ƙidayar fasinjoji kawai ya jawo komai. A wanda ya biyo shi a 2006 kuwa, abokai ne suka daka tsalle daga jirginsu don yin iyo, ba wanda ya tuna ya sauke tsani. Ga jirgin suna taɓa shi, ga santsi, ba wurin kamawa. Irin wannan ya fi tada hankali, don kowa ya san zai iya aikata shi.

Sai ka rage mutane, ka matse wuri. Darakta Alfred Hitchcock ya yi fim ɗin Lifeboat a 1944 cikin kwalekwalen ceto guda, kuma ɗaya daga cikin mutanen yana ɓoye da ruwan sha da kamfas, wato na'urar nuna alƙibla. Ka ba kowane ɗan wasa abin da zai ɓoye wa sauran.

Daga nan ka zauna ka koyi yadda jiki ke lalacewa, don shi ne agogon labarinka, kuma nan ne marubuta da yawa ke yin lalaci. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. Ƙoda ba ta iya fitar da shi sai da ruwan da ya fi wanda aka sha, shi ya sa wanda ya kurɓa ƙishirwarsa ke ƙaruwa. Mutum kan kai kamar kwana 3 ba ruwa. Jera abin daki-daki: leɓe ya tsattsage, harshe ya kumbura, fatar da ta jiƙu ta fara gyambo, rana ta gasa fuska. Dare ya yi, sanyi ya karɓi aiki, domin ruwa na zuƙe ɗumin jiki ninki kusan 25 kan yadda iska ke yi. Sai sambatu, wani ya rantse ga tsibiri can, ya saki kwalekwale ya nufe shi.

Idan dole sai ka sa kifin shak, ɓoye shi. Wajen ɗaukar Jaws na 1975 kifin roban da aka ƙera ya yi ta lalacewa, darakta Steven Spielberg ya koma nuna ganguna masu launin ɗorawa da aka maƙala wa kifin suna gudu bisa ruwa, da kiɗa. Ka rubuta cewa kyamara ta tsaya daidai haɓar ɗan wasa, igiyar ruwa na rufe ta tana buɗewa. Wani abu ya gogi ƙafarsa, ya isa.

Ka kawo jirgi ko sau ɗaya ya wuce su. Su yi ihu har murya ta dushe. Kan mutum cikin igiyar ruwa da wuya a hango shi daga nesa.

Tun kafin ka rubuta shafin farko ka yanke wanda zai tsira, in ma akwai. A Open Water ba wanda ya koma gida.