Daga gidan namun daji na Garwa zuwa kejin tsakar gida: kurakuran da aka fi yi

Wasu iyalan da ke kai yara gidan namun daji na Garwa suna isa bayan ƙarfe 11 na safe, sai an gama karin kumallo da wanka da jiran mai babur. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke wuce maki 40, wannan shi ne lokacin da dabba ke shigewa inuwa ta kwanta. Yara su yi ta leƙe ba su ga komai ba, sai su fara jifa da tsakuwa don su tayar da kada daga kwance. A je da sassafe ko bayan la'asar, a riƙe wa kowane yaro aƙalla lita ɗaya ta ruwa, a kuma tambayi lokacin buɗewa tun kafin ranar.

Miƙa wa biri gyaɗa ko biskit ta cikin waya ya fi jifan haɗari. Biri yana cafke yatsa tare da abincin. In ya yi cizo ko yakushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar saboda ciwon haukan kare. Shafa toka ko man shanu ba ya maganin komai a nan.

Babbar matsalar tana farawa ne bayan an dawo gida, yara sun nace: “Baba, mu ma a saya mana.” Wasu su sayo ɗan biri ko aku a hannun masu yawo da su. Dokar daji ta Kamaru ta kasa namun daji aji uku, A da B da C, kuma riƙe wanda ke ƙarƙashin kariya ba tare da izinin ma'aikatar gandun daji ba laifi ne. Babban kunkurun Sahel da ake sayowa ɗan mitsitsi kuwa yana iya wuce kilo 40, kuma haƙa rami yake yi, har ƙarƙashin katanga. Zomo, tantabara ko kaji sun ishi yaro.

A kejin zomo ake tafka kuskure mafi yawa, kuma kusan duk a kan zafi ne. Zomo ba ya gumi, ta kunne yake rage zafin jiki. Da zafi ya haura maki 30 yake rage ci, in ya kai 35 a cikin keji yana iya mutuwa. Amma sai ka ga kafinta ya buga kwano kai tsaye a kan kejin, tazarar taƙi biyu daga bayan dabbar, an kuma jingina shi da katangar da ranar yamma ke duka. Gyaran shi ne a sa kejin ƙarƙashin bishiya ko rumfar zana, a bar aƙalla rabin mita tsakanin rufi da saman keji don iska ta ratsa, in kuma dole sai kwano, a shimfiɗa ciyawa a kansa. Uwa guda tana buƙatar santimita 100 tsawo, 60 faɗi, 50 tsayi. A ɗaga kejin santimita 80 daga ƙasa. Daɓen ya zama ragar waya mai kauri, mai ido kamar santimita ɗaya da rabi: in idon ya fi haka ƙafar jarirai za ta maƙale, in bai kai ba kashi ba zai zube ba. Siririyar wayar kaji ba ta dace da daɓe ba, tana yanka tafin ƙafa. Ƙafafun kejin a tsoma su cikin gwangwanaye masu baƙin mai saboda gara da tururuwa. Kada a bar namiji da mace wuri ɗaya. In za a yi barbara, mace ake kai wa namiji, a mayar da ita, a sa mata akwatin haihuwa a rana ta 28 bayan barbarar, domin cikin zomo kwana 31 ne ko kusa da haka.

Kaji nasu kuskuren ɗaya ne: a sayo sabuwa a kasuwa a sake ta cikin na gida a ranar. A ware ta mako biyu. Rigakafin cutar Niyukasil a yi shi kafin hunturu ya kama, a tambayi likitan dabbobi, tunda LANAVET, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Bokle kusa da Garwa, tana sarrafa rigakafin dabbobi.

Inuwar da ake nema wa kejin ita ke sa a dasa dogonyaro, kuma duk wanda ya ga titunan Marwa ya san amfaninsa. Kuskuren shi ne dasa shi jikin katanga ko kusa da salga. Saiwarsa tana bin danshi, ta tsaga daɓe, ta shiga ramin. A ba shi mita 5 daga kowane gini. Ramin dashen ya zama santimita 50 ta kowace fuska, a cakuɗa ƙasar sama da takin da ya ruɓe sosai, domin ɗanyen kashin shanu yana ƙona saiwa kuma yana janyo gara. A dasa a watan Yuni bayan damina ta zauna, a kewaye da ƙaya saboda awaki.

Masu zuba siminti a tsakar gida gaba ɗaya suna sayen zafin dare ne da kuɗinsu, don daɓen yana riƙe zafin rana har bayan isha. A yi daɓe a hanyar wucewa da wurin wanke-wanke da ƙarƙashin keji kawai: awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, kaurin santimita 8. A karkata shi santimita 2 a kowace mita zuwa magudanar ruwa, in ba haka ba ruwan Agusta zai kwanta gindin katangar ƙasa ya cinye ta. Bayan zubawa a rufe da buhuna, a riƙa jiƙawa safe da yamma har kwana bakwai. Daɓen da aka bari ya bushe a rana ɗaya zai fara tsagewa tun kafin damina ta zo.