Babi na Bakwai: Ciwon Jan Fuska da Karatun Kwalin Mai

Darasi na 1

A buɗe littafi, a ɗora yatsa a layin farko. Wadda ba ta zo da fensir ba ta ara a wurin ta kusa da ita, ba abin kunya ba ne.

Akwai wani ciwon fata da likitoci ke kira roseshiya. Mu faɗa tare, gaɓa-gaɓa: ro, se, shi, ya. Gaɓa huɗu ke nan. A ajinmu za mu riƙa ce masa ciwon jan fuska. Mazauninsa tsakiyar fuska ne, wato kumatu da hanci da goshi da haɓa. Mutum ya ji fuskarsa ta ɗau zafi kamar ya leƙa tukunyar tuwo, tana raɗaɗi, sai ƙananan ƙuraje su feso, wasu da farin ruwa a kansu. Ya lafa kwana biyu, ya sake dawowa. Yawanci sai an haura shekara 30 yake farawa, kuma ya fi kama mata. In ya daɗe a jikin namiji, fatar hancinsa kan yi kauri ta yi tudu-tudu.

A fuskar Bature jan a fili yake. Mu masu baƙar fata ba ya nunawa sosai, sai dai wurin ya yi duhu ko ya ɗan kumbura, zafin kuma mai shi kaɗai ke ji. Shi ya sa ake ɗaukarsa ƙurajen samartaka. Ga bambancin: ƙurajen samartaka suna da baƙin kai wanda ake matsewa, suna fitowa har a baya da ƙirji. Wannan ba shi da baƙin kai.

Iyayena mata, ba a ɗaukarsa. Ku ci tuwo kwano ɗaya da mai shi, ku sha ruwa moɗa ɗaya. Ba ƙazanta ke kawo shi ba, ba kuma kambun baka ba ne. Kamar hawan jini yake, ba ya tafiya gaba ɗaya amma ana kwantar da shi a zauna lafiya.

Darasi na 2

Wannan darasi shi ne ƙashin bayan babin, kuma a nan aka fi tuntuɓe. Za mu tafi a hankali.

Ran kasuwa, mai fama da fuska takan je kemis ko wurin mai tallar mayuka a faranti, a miƙo mata kirim a kwali mai hoton farar mace. Ta shafa kwana uku, fuska ta yi luf, har ta yi haske. Sai murna. To, da yawa daga cikin mayukan nan, musamman na bilicin, akwai wani sinadari a cikinsu mai suna sitiroyid. Yana danne kumburi da sauri, amma in aka daɗe ana shafa shi a fuska sai fatar ta sirance, ƙananan jijiyoyin jini su bayyana, ƙuraje su ƙaru. Ranar da aka daina kuma ciwon ya taso fiye da na da, sai a koma a sake saye. Ko wadda ba ta da ciwon, man nan na iya jawo mata ƙuraje masu kama da shi.

Yaya za a gane shi? Da karatu. Abin da ya kawo mu ajin nan ke nan.

Ki riƙe kwalin da hannun hagu. Kada ki dubi hoton. Kada ki tsaya a kan babban sunan da aka rubuta da manyan haruffa masu launi, wannan sunan talla ne, kamar yadda mai shago ke raɗa wa shagonsa sunan da ya ga dama. Ki nemi ƙananan rubutu, suna ƙarƙashin babban sunan ko a gefen kwalin. Za ki ga doguwar kalma. Ba sai kin iya karanta ta duka ba, ni ma da farko harshena sarƙewa yake yi. Ki ɗora yatsa a kanta, ki ja shi zuwa dama har ƙarshen kalmar, ki karanta haruffan ƙarshe kawai.

Ga wutsiyoyi uku da za ki nema: SONE, SOL, LONE.

Betamethasone, hydrocortisone, dexamethasone, duk sun ƙare da S, O, N, E. Clobetasol ya ƙare da S, O, L, kuma yana cikin masu ƙarfi ƙwarai. Triamcinolone ya ƙare da L, O, N, E. Ba su ke nan ba duka, amma su za ki fi cin karo da su. In kin ga ɗaya, wannan mai ba na fuskarki ba ne sai in likita ne ya duba ki ya rubuta.

Mu sake. Kwali a hannun hagu. Hoto, a'a. Babban suna, a'a. Ƙananan rubutu. Yatsa a kan doguwar kalma, a ja shi dama, a karanta ƙarshe. Madalla, Inna, kin yi daidai. Ba ki sani ba jiya, yau kin sani.

Ga inda ake faɗuwa. Sau da yawa bayan doguwar kalmar akwai wata kalma ta biyu, sannan lamba, misali clobetasol propionate 0.05%. Masu koyo sukan zarce da yatsa har ƙarshen layin, su ga lamba, su ce babu. A'a. Kowace doguwar kalma da wutsiyarta. In kin ga fili tsakanin haruffa, kalma ta ƙare a nan, ki tsaya ki duba, sannan ki wuce ta gaba. Wasu kwalayen ma magani uku ne a haɗe, sitiroyid ɗin na tsakiya. A duba na farko, a duba na biyu, a duba na uku.

Kuma SOL daban, ZOLE daban. Ki dubi harafin farko: S yana lanƙwasa kamar maciji, Z kuwa kusurwa gare shi kamar karyayyen kara. Metronidazole ya ƙare da Z, O, L, E, ba sitiroyid ba ne, yana ma cikin mayukan da likita ke rubutawa don wannan ciwo. Amma ba kowane mai ZOLE ne maganinsa ba, wasu na makero ne.

Aiki: a rubuta SONE sau 10, SOL sau 10, LONE sau 10. Gobe kowa ta zo da kwalin man da ke ɗakinta.

Makon jiya na ce a zo da kwali, mutum huɗu kaɗai suka kawo. Wata baiwar Allah kuma ta miƙo mini nata tana cewa ai mai kyau ne, ga hoton karas a jiki. Haba Hajiya! Kwana nawa muna faɗa? Karas ɗin za ki shafa? Ƙananan rubutu na ce. Yatsa, dama, ƙarshe. Idan kwalin ba shi da ƙananan rubutu sam, ko mai ne da aka haɗa aka ɗura a roba babu suna, wannan ma ki ajiye shi, don ba ki san abin da ke ciki ba.

Wadda ta riga ta yi watanni tana shafawa, ta ɗauki kwalin ta kai asibiti a nuna mata yadda za ta rabu da shi. Fuskar za ta tashi na ɗan lokaci bayan an daina. Ta daure, kada ta koma.

Darasi na 3

Ciwon yana da abubuwan da ke tsokano shi, kuma na kowa daban ne. Rana ce kan gaba, musamman ta bazara da ta lokacin noma. Sai zafin murhu da tururin tukunya, shayi ko kunu mai zafi ƙwarai, yaji da attaruhu, iskar hunturu, da ɓacin rai.

A ja layi biyu a shafin littafi daga sama zuwa ƙasa, ya zama gida uku. Gidan farko kwanan wata, na biyu abin da kika yi ko kika ci, na uku yadda fuska ta kasance. Misali: 12 ga wata, suyar ƙosai, fuska ta yi zafi. A rubuta a ranar, kada a bari sai Juma'a a zauna ana ƙirƙira, ina ganewa. Bayan wata ɗaya za ki ga abin da ya fi maimaituwa, shi za ki rage. Ba a ce ki bar shayi ba, ki bari ya huce.

Darasi na 4

A wanke fuska sau biyu a rana da ruwa mai ɗumi kaɗan, da tafin hannu. Ban da soso, ban da dilka, ban da sabulu mai kaifi ko mai turare. A daddanna tsumma mai tsabta a fuska, kada a goge. Mai zuwa gona ta sa malafa, a yi aikin da sassafe in da hali. Kada a matse ƙurajen. Duk man da za a shafa, an san abin yi: ƙananan rubutu tukuna.

Darasi na 5

Ciwon kan taɓa ido. In ido ya yi ja, ana jin kamar yashi a ciki, ko fatar ido ta kumbura, a ajiye kwalli a tafi asibiti. In gani ya fara dushewa, ranar za a tafi. Akwai kuma wasu cututtuka masu kama da shi, don haka sai an duba. A fara da asibitin da ke kusa, in ya gagara a nemi takardar zuwa wurin likitan fata, kamar a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Likita na iya ba da man shafawa ko ƙwayar doxycycline. Mai ciki ba ta shan wannan ƙwaya, mai shayarwa ma ta faɗa wa likita. Magani kan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin a ga amfaninsa sosai.

Darasi na 6

A maimaita darasi na 2. A zo da kwali.