Idan maganin farko na sankarar maƙoshi (hanyar abinci) ya daina aiki

Na yi jinyar yayana a nan Damagaram, ga abin da nake faɗa wa duk wanda likita ya ce za a sauya wa majinyacinsa shimiyo, wato maganin sankara da ake ɗurawa ta jijiya.

Kafin tafiya Yamai, ku tattara takardu duka: sakamakon naman da aka gutsura aka gwada, hotunan sikana, da sunayen magungunan farko, galibi cisplatin ko oxaliplatin tare da 5-FU. Da su likita zai zaɓi na biyu. Hanyar ta kusa kilomita 900, kada a manta da komai.

Na biyun yakan zama paclitaxel, docetaxel, ko irinotecan haɗe da 5-FU duk mako 2. Ku tambayi likita kai tsaye: "Likita, me muke fata?" A wannan mataki ana neman rage wa ciwon gudu ne da sauƙaƙa haɗiya, ba warkewa ba. Kuma haɗin magani biyu ya fi wahalar da jiki. Wanda ya rame sosai, ɗaya kan fi masa.

A gwada jini kafin kowane zagayen ɗurin magani. Irinotecan na sa zawo mai ƙarar da ruwan jiki, paclitaxel kuma na sa yatsu su daina jin taɓi, kamar sun mutu. Ku faɗa da wuri. Zazzaɓin da ya kai digiri 38, a tafi asibiti a daren, kada a ce maleriya ce a jira safiya.

Abinci kuwa, kunun gyaɗa da koko, a tace, kaɗan-kaɗan, majinyacin yana zaune. A tafasa madara. In ruwa ma ya ƙi wucewa, ku nemi a yi maganar bututun ciyarwa.