Darasi na 9: Mu Haɗa wa Yara Majajjawar Cokali

Duk wanda ya tashi a gefen fadamar Rima ya san yaro da gwafa, ko mai majajjawa yana korar tsuntsu a gonar shinkafa. Wannan darasi ɗan'uwan waɗannan ne, sai dai namu ba na harbin tsuntsu ba ne. Na tsakar gida ne, don yaro ya ga da idonsa inda ƙarfi ke fitowa.

Kayan ba sa buƙatar zuwa Tsohuwar Kasuwa. A nemo guntun katako mai faɗi, cokalin roba, robar ɗaure kuɗi guda 4, da karan dawa busasshe. A yanka karan gida 3, kowane kamar tsawon yatsa, a haɗa su a ɗaure da roba ɗaya. Babba ne zai riƙe wuƙa.

A kwantar da cokalin a kan katakon, bakinsa yana kallon sama. A ɗaure ƙarshen mariƙinsa da katakon da sauran robar, a ɗaure tamau. Sai a cusa damin karan a ƙarƙashin mariƙin har bakin cokalin ya ɗaga. Shi ke nan, an gama. A ɗora dunƙulen takarda a ciki, a danne katakon da hannu ɗaya, a danna bakin cokalin ƙasa da yatsa, a saki.

Nan ne yaro zai ce, "Inna, mi yas sa ta tashi?" Kada a ce masa haka nan take. Lokacin da ya danna, cokalin ya lanƙwasa, robar ta miƙe, ƙarfin yatsansa ya taru a cikinsu. Da ya saki, sai suka koma yadda suke, suka miƙa wa takardar ƙarfin gaba ɗaya. Karan kuwa shi ne madogara. Wanda ya taɓa ban ruwa da jigo a lambu ya riga ya san wannan: doguwar sanda ce a kan madogara, gefe ɗaya ya sauka, ɗayan ya tashi. Manomin albasa ya iya wannan kimiyya tun kafin ya ji sunanta, kuma ina so mai karatu ya faɗa wa ɗansa haka da bakinsa. Irin wannan na'ura mai girma ita ce manjaniƙi da malamai ke ambata a sira, wadda aka kafa a kewayen Ɗa'if shekara ta 8 bayan hijira.

Yanzu awo, wanda a ganina ya fi haɗawar amfani. A ja layi a ƙasa, a ajiye majajjawar a kansa. Kafin a harba, yaro ya fara cinka: ina za ta faɗi? Sannan a auna da tafin ƙafa, a rubuta. A gwada auduga, takarda, da gyaɗa mai ɓawo, kowace sau 3. Auduga ta fi sauƙi, amma ba za ta yi nisa ba, domin iska na tare ta. Bayan haka a matsar da karan gaba ko baya. Abin da ya tashi sama sosai kusa yake faɗuwa, wanda ya tafi a kwance ƙasa ke saurin karɓarsa. Mafi nisa shi ne wanda ya bi tsakani, wajen digiri 45. Abu ɗaya ake sauyawa a kowane gwaji, in ba haka ba, ba a san wanda ya jawo bambancin ba.

Ban da dutse, ban da ƙusa, kuma ba a saita fuskar kowa. Ƙananan yara su tsaya a baya.

Aikin gida: rubuta sunayen abubuwa ukun a littafinka, da lambar awon kowanne a gabansa. Ka zo da shi aji, ka karanta wa 'yan'uwa.