Darasi na 7: Ruɓewar Saiwar Furanni

Mai furanni a tsakar gida, ko mai sayar da dashe a bakin titi, da zarar ya ga ganye ya yi yaushi sai ya ɗauka ƙishirwa ce, ya ɗauko bokiti ya ƙara ruwa. Sau da yawa wannan ruwan ne yake ƙarasa shukar. Kafin a ƙara, a tura yatsa cikin ƙasar tukunyar. Idan akwai danshi amma ganye yana langaɓewa yana komawa rawaya, to cutar tana ƙasa, wajen saiwa.

Masu kawo ta ƙwayoyi ne dangin fumfuna da ke zaune cikin ƙasa, waɗanda masana suke kira Fusariyum, Rizoktoniya, Pitiyum da Fitoftora. Biyun ƙarshe iyo suke yi cikin ruwa su isa ga saiwa, shi ya sa ɓarnarsu ta fi yawa a watan Agusta, lokacin da damina take kankama a Maradi, musamman ga wanda ya cika tukunyarsa da lakar Gulbi zalla, wadda take riƙe ruwa ta hana saiwa shan iska.

A zare shukar a hankali, a kakkaɓe ƙasar, a duba. Saiwa mai lafiya fara ce, tana da ƙwari. Ruɓaɓɓiya kuwa ta yi baƙi ko ruwan ƙasa, ta yi laushi, tana wari, kuma idan aka murza ta tsakanin yatsu biyu sai ɓawonta ya saluɓe ya bar wani siririn zare.

Idan da sauran farar saiwa, a yanke ruɓaɓɓun da wuƙa mai tsabta, a dasa cikin sabuwar ƙasa da aka gauraya da rairayi da takin da ya riga ya ruɓe sarai, kuma a huda gindin tukunyar ko ledar. Idan duka ta tafi, a ƙone ta, kada a jefa ta cikin ramin taki. Tsohuwar tukunya a wanke ta da ruwan jabel, wato bilicin da ake wanki da shi, awo 1 cikin awo 9 na ruwa.

Ita kuwa ƙasar da ta kamu, zafin bazara yana taimaka mata: a jiƙa ta a watan Afrilu, a lulluɓe ta da farar leda mai nuna ciki, a danne gefunan, a bar ta a rana mako 4 zuwa 6.