Yadda ake tattara tarihin 'yar zuga ta farko-farko a ƙwallon Amurka

Matan da suka fara tsayawa a gefen fili suna zuga 'yan wasa da 'yan kallo a gasar NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, yanzu tsufa ya cim musu, da yawa ma sun riga mu gidan gaskiya. Mai son rubuta tarihin ɗaya daga cikinsu, ko ya adana kayanta, ya fara da tantance ƙungiya da shekara, domin a nan aka fi yin tuntuɓe.

Kalmar "ta farko" tana da santsi. Baltimore Colts ce ƙungiyar da aka fi amincewa ta fara samun tawagar 'yan zuga a 1954, kuma a ƙarƙashin 'yan badujalar ƙungiyar suke. Steelerettes, 'yan zugan ƙungiyar Pittsburgh Steelers, sun fito a 1961, ɗaliban kwalejin Robert Morris ne, aka rushe su bayan kakar 1969. A ƙungiyar Dallas Cowboys kuwa, ɗaliban sakandare maza da mata ne suka fara, kafin tawagar da duniya ta sani ta bayyana a 1972. Saboda haka idan iyali suka ce mahaifiyarsu "ta farko ce", a tambaya: ta farko a wace tawaga?

Ga wani tarko kuma. Colts ta tashi daga Baltimore zuwa Indianapolis a watan Maris na 1984, amma 'yan badujala ba su bi ta ba. Don haka neman bayanin shekarun 1950 ya fi sauƙi a Baltimore: tsofaffin fitowar jaridar Baltimore Sun, da ɗakin karatu na Enoch Pratt. A nema da sunan da take amsawa kafin aure. Yawancinsu 'yan mata ne a lokacin, kuma wanda ya nema da sunan miji zai dawo hannu rabbana.

Sai hira da abokan tawagarta da suka rage. Kada zama ɗaya ya wuce minti 60 zuwa 90, tsofaffi na gajiya. A ajiye hoto a gabansu a bar shi ya jawo magana, tambayar "wace ce wannan ta hagu?" ta fi "yaya zamaninku yake?" fitar da zance. A tambayi wa ya ɗinka kayan, ina ake atisaye, ko ana biyansu. Duk shekarar da aka faɗa da baki a gwada ta da jarida.

Kayan sawa su ne suka fi buƙatar lallaɓawa. Rigar sanyi ta ulu ba a rataye ta, nauyinta zai ja kafaɗu su saki. A shimfiɗa ta cikin kwali marar asid, a cusa takarda mai laushi marar asid a kowane ninki don kada ya karye zaren. A cire ledar mai wanki, tana riƙe damshi. Kada a wanke, kada a goge. Asu kuwa ulu ne abincinsa, don haka a riƙa buɗe kwalin duk wata shida ana dubawa. Ɗakin ya kasance wajen digiri 18 zuwa 21 a ma'aunin Celsius, damshi bai wuce kashi 50 ba. Saman silin da ɗakin ƙasa duka ba su dace ba.

Tuntayen da suke kaɗawa, idan na takarda mai launi ne, a ware musu kwalinsu daban. Ɗigon ruwa ɗaya ya isa launin ya zuba a kan farar riga, kuma ba ya fita.

Yankan jarida na da asid, yana rina duk hoton da ya manne da shi ruwan ƙasa. A raba su. A ɗauki hotuna a sikana da ƙarfin dpi 600 (yawan ɗigo a kowane inci), a adana a tsarin TIFF (nau'in fayil ɗin hoto), kwafi biyu a wurare daban. Hoton da ya manne a tsohon album mai danƙo, a zura zaren sakace haƙori marar kaki a bayansa a hankali maimakon a fizge. Sunaye a rubuta a baya da fensir mai laushi, ban da biro, daga hagu zuwa dama yadda suke tsaye. Fim na milimita 8 da ya fara warin binega ya soma lalacewa, a ware shi daga sauran a kai a juya shi zuwa kwamfuta kafin ya lanƙwashe.