Jakar Mina: Kurakuran da Maniyyata Suka Fi Yi Wajen Haɗa Kaya

Da an yi ƙaramar Sallah, hira a majalisunmu na Agege da Idi-Araba a Legas takan koma kan maniyyata: wa ya samu kujera, yaushe jirgin farko zai ɗaga daga Ikeja, nawa riyal yake a hannun 'yan canji. Ba kasafai za ka ji ana maganar ƙafa ba, alhali ita ce za ta yi aikin.

Kakanninmu da ƙafa suka je Makka. Su bi ta Borno, su ratsa Chadi da Sudan har bakin Bahar Maliya, wasu su shekara biyar a hanya, wasu ma su zauna can Sudan, zuriyarsu na nan har yau. Su ba su ɗaukar abin da ya fi ƙarfin kai da kafaɗa. Mu kuwa jirgi ya sangarta mu. Tun da cikin awa shida mutum ya sauka Jidda ko Madina, sai ya haɗa kaya irin na mai zuwa biki Kano, ya manta cewa daga 8 ga Zulhijja zuwa 12 ko 13 matafiyin ƙasa ne kamar kakansa.

Babban kuskure shi ne a zuba hankali kan babbar jaka a manta da ƙarama. Babbar tana zama a masauki a Makka. Wadda za ta bi ka Mina da Arafa da Muzdalifa ita ce ƙaramar, kuma a bayanka za ta kwana. Ranar da na fara shiri, na kai tawa wajen wani kawuna da ya je sau uku. Ya ɗaga ta da hannu ɗaya, ya ajiye, ya ce, "Ɗana, Mina za ka ko ƙaura za ka yi?" Na ce, "Kawu, ai duk abin buƙata ne." Bai ce komai ba, sai ya zazzage ta a kan tabarma. Ga kaftani uku, ga filas ɗin shayi, ga tawul babba, ga ƙullin gari da ƙuli-ƙuli kamar mai shirin fari, har da dutsen guga. Abin da ya mayar ciki bai kai kashi ɗaya cikin uku ba: harami na canji, kaya marasa nauyi saiti ɗaya na bayan an fita harami, 'yar shimfiɗa mai naɗewa, laima, gorar ruwa, magani, caja, da ɗan dabino. Ya ce in goya ta in je Pen Cinema in dawo da rana tsaka, in ta dame ni in ƙara ragewa. Na ƙara ragewa kuwa.

Jakar goyo mai hannu biyu ta fi ta ratayawa, ta kuma fi mai taya. Mai taya daɗi gare ta a filin jirgi, amma a cikin turmutsutsun Muzdalifa ƙafafun mutane take kama wa.

Sai takalmi, kuma nan ne zan daɗe, don nan na sha wuya. Kawu ya duba jaka amma bai ga silifas ɗin da na sayo a Idumota ana jibi tafiya ba, sabo fil, mai tauri, mai kyan gani. Na adana shi a leda, wai sai ranar Arafa. Kafin mu kai Muzdalifa ya ci min tsakanin babban yatsa da na kusa da shi. Washegari wajen jifa wurin ya yi bororo ya fashe, ƙasa ta shiga. Sauran kwanakin da ɗingishi na yi su, ina kallon tsofaffi masu tsohon fade suna wuce ni. Da tsohuwar zuma ake magani. Takalmin da za ka yi aikin Hajji da shi, ka saye shi wata biyu kafin tashi, ka riƙa zuwa masallaci da kasuwa da shi har ya san ƙafarka. Ka zaɓi mai taushin ƙasa da kauri, wanda ba ya santsi in ya jiƙe, wanda kuma bai rufe idon sawu ba tun da kana cikin harami. Mata su sun huta, suna iya sa safa da kambas, kuma shi ya fi musu. Ka riƙe na biyu a jaka, da filasta.

Ga lissafin da ya sa na nace. Tsakanin Mina da Arafa ya fi tsawon gadar Third Mainland, wadda ba ta cika kilomita 12 ba. Ana ɗaukar mutane a mota, gaskiya ne, amma wanda ya san gosulon Oshodi ya san mota kan tsaya cik, kuma a daren Muzdalifa da yawa sauka suke su taka. Sa'ayi kaɗai, kai da komo bakwai tsakanin Safa da Marwa, kusan kilomita 3 ne, ban da ɗawafi, wanda in cunkoso ya tura ka hawa na sama zagayen yakan ninka. Tantunan yawancin alhazanmu kuma suna da nisa da wurin jifa, ga shi kullum sai an je an dawo. Mutumin Legas da ya saba daga ƙofar gida sai keke, daga keke sai danfo, in bai fara taka ƙasa tun yanzu ba, jikinsa zai ba shi labari. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani abin da ake raina wa shi ne 'yar jakar zuba takalmi. Mutum ya cire silifas a ƙofar Masallacin Harami, ya fito ta wata ƙofar, shi ke nan, sai ya taka kwalta ba takalmi. Kwaltar Makka da azahar tana ƙona tafin ƙafa, mai ciwon suga kuma ba lallai ya ji zafin ba sai fata ta saɓule. Jakar yadi mai zare ta isa.

Maza akwai wata matsala da kunya ke hana faɗa. Babu wando a ƙarƙashin harami, cinyoyi na gugar juna, ga gumi, kafin kwana biyu mutum na tafiya a tale. Man Vaseline marar ƙamshi ke maganinta. Sai dai shafa mai a cikin harami yana da hukunci, don haka ka yi wa malamin bita wannan tambayar ƙarara, ba a jin kunya a addini. Sabulu ma marar ƙamshi za ka nema. Haramin kuma na auduga mai ɗan kauri ya fi mai santsin nan da ke zamewa daga kafaɗa.

Zafi. Mutanenmu na nan kan ce ai mun saba da zafin Legas. Ba iri ɗaya ba ne. Namu mai laima ne, gumi na zuba kana gani, kana neman ruwa. Na can busasshe ne, gumin na bushewa tun bai sauko ba, sai jiki ya ƙafe mutum bai sani ba. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya suka ce mutum 1,301 ne suka rasu, akasarinsu waɗanda suka yi doguwar tafiya a rana ba mafaka. Saboda haka laima ba ado ba ce, kuma mai farin baya ta fi baƙar da muke tare ruwan sama da ita. Ka sa ƙullin gishiri da sukari na kemis guda goma a jaka. In ya ƙare, lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Tsofaffi kuma, musamman iyayenmu mata, sukan ƙi shan ruwa don gudun layin bayi. Hajiya, layin nan ya fi gadon asibiti sauƙi.

Magani a bar shi cikin kwalinsa, da takardar likita, a jakar hannu. Kada a juye ƙwayoyin hawan jini da na suga a leda ɗaya, kada kuma a bar su a masauki wai ai kwana biyar ne. Tramadol kuwa ko kusa. Goro ma haka: Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, kullum sai ta ja kunne cewa Saudiyya ta hana shiga da shi, amma duk shekara sai an samu mai cusa shi cikin gari. Na san rabuwa da goro da wuya ga wanda ya saba, to a fara ragewa tun a gida. Haka nan saƙo. Kowa ya ba ka ƙulli a sansanin alhazai ya ce ka miƙa wa ɗan'uwansa a Makka, ka ba shi haƙuri, ko ka san shi. Hukuncin safarar ƙwaya a can kisa ne, kuma wanda aka samu abu a jakarsa shi ake tambaya.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Fawa banki a jakar hannu yake shiga jirgi, reza da almakashi a babbar jaka. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu. Katin Nusuk, wato katin shaidar alhaji na Saudiyya, ya zauna a wuya ko da yaushe, don ba a shiga wuraren ibada sai da shi, ka kuma ɗauki hotonsa da na fasfo da katin rigakafi a waya. Kuɗi a lalita, a raba biyu. Ruwan Zamzam kada ka ɓoye a jaka, za a buɗe a fitar, lita biyar ɗinka kuma ana ba ka in ka dawo.

Tsakuwar jifa ma na ga masu cika aljihun jaka da manyan duwatsu kamar za su gini. Bakwai ne ranar 10 ga Zulhijja, sai ashirin da ɗaya ranar 11, haka ranar 12, jimla 49. Wanda zai kai 13 ya tsinci 70. Kowace kamar ƙwayar wake. Ƙaramar robar ruwa da ka shanye tana ɗauke su duka, ta rufu, ta shige gefen jaka.